Gishiri a Finjalin Kyauta Bey

Kafin kowa ya fara rubuto min nasiha a ƙasa, ku tsaya ku ji yadda aka yi tukuna. Na san akwai masu jiran hoton zobe da jan zare. To babu hoto. Rigar da na sa jiya tana nan yashe a kan kujera, gashin da aka ɓata rabin yini ana gyara min ya koma kamar sheƙar tsuntsu, ni kuma haushin kowa nake ji: Mama, Baba, Kaka, har da shi kansa Tayfun ɗin.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Nergis. A Bursa aka haife ni, kuma ina taya Babana zama a shagonsa na gyalen siliki a benen Koza Han, tsohuwar kasuwar siliki. Tayfun kuwa shi ne dogon nan mai laima ruwan ɗorawa da ke tsayawa a ƙofar babban masallacin Ulu Cami kowace safiya, ya tara baƙi 'yan yawon buɗe ido ya zagaya da su gari a ƙafa ba tare da sun biya ko lira ba. Wanda ya ga dama ya ba shi na shan shayi a ƙarshe, wanda bai ga dama ba ya ce na gode ya ƙara gaba. Da rana yana yi wa wani kamfani aikin da ake biyansa, amma ransa na kan wannan na safen.

Daga saman bene nake hango shi kullum yana shigowa tsakar Koza Han da ayarinsa, yana nuna musu ɗan masallacin da ke tsakiya, yana magana da hannu kamar mai raba faɗa. Wata rana ya ɗaga kai muka haɗa ido, ya manta abin da yake faɗa. Sauran kun sani.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, mutumin nan yadda yake yi da baƙinsa haka yake yi da ni. Fitarmu ta farko, Tophane, mu tsaya gindin hasumiyar agogo mu kalli rufin gidaje. Ta biyu, Koren Hubbare. Sai gadar Irgandi, mu leƙa shagunan da ke kanta ba mu sayi komai ba. Ranar da ya ce yau zai kai ni wuri na musamman, na zuba ado, na sa takalmi mai tsini, ashe gindin tsohuwar bishiyar Inkaya za mu je mu ƙirga rassa. Duk inda ake yankar tikiti a garin nan, ƙafarmu ba ta taɓa taka shi ba.

"Tayfun, ni fa ba baƙuwa ba ce," na ce masa ran nan. "A garin nan aka yanke min cibiya."

"Shi ya sa ba ki taɓa ganinsa ba. Dubi can."

"Na duba. Dutse ne."

"Ki sake dubawa."

"Kai, ni teleferik nake so! Mu shiga, igiya ta ja mu sama har kan dutsen Uludag kamar kowa. Ƙawayena duk an kai su."

Sai ya yi dariya ya ce abin da ya fi kyau a Bursa ba a sayar da tikitinsa. Ku ji fa. Na ji kamar in karɓe laimar in ƙwala masa.

Amma kada ku yi min mummunar fahimta, ina son sa. Ina son sa sosai, shi ne ma abin haushin. Tun ina yarinya nake shiga Ulu Cami, ban taɓa sauraron ƙarar ruwan famfon da ke tsakiyar masallacin ba sai ranar da ya ce in rufe ido in yi shiru. Na fito ina share hawaye ban san dalili ba. Wane namiji ne zai sa ki kuka da ruwan alwala, sannan ya kasa saya miki faranti ɗaya na naman Iskender?

Kuskurena ɗaya, na riƙa kai ƙorafin nan wurin Mama. Na ɗauka hira ce ta uwa da 'ya. Ashe tarawa take.

Ita ta laƙaba masa Kyauta Bey, wato Malam Kyauta. Idan wayata ta yi ƙara sai ta ce, "Ɗauki mana, Kyauta Bey ne. Ƙila an buɗe sabuwar maƙabarta za a kai ki kallo." Idan na dawo daga fita sai ta leƙa hannuna. "Me aka kawo mana? Iska?" Tana da wata ƙawa mai ɗa likitan haƙori, mai mota da gida a unguwar Nilufer, kuma tun bara take cusa min hotonsa a waya kamar tallar magani.

"Mutumin da baƙinsa ma irinsa ne," in ji ta. "Su cika wa Babanki shago, su yafa gyale su ɗauki hoto, su ajiye su fita. Halit, ka faɗa mata mana! Sun taɓa sayen ko hankici?"

Baba ya gyara tabarau ya ce, "Yaron yana da ladabi, Sabiha."

"Ladabi za ta dafa?"

Babana mutum ne mai kunya. Zai iya yini yana ciniki da baƙo a kan gyale ɗaya, amma ya kalli idon 'yarsa ya ce kina son wane, gara ya haɗiye harshensa. Da dangin Tayfun suka aiko za su zo neman aure ranar Lahadi bayan la'asar, sai gidanmu ya koma filin daga. Mama tana cewa yarinyar nan da bakinta take kuka da shi, kunya ce kawai ta hana ta fasawa. Baba yana kallona ta gefen ido, ni ina jira ya tambaye ni, shi yana jira in faɗa. Kaka Mukaddes, mahaifiyar Baba, wadda aka ɗauko daga ƙauye saboda ranar, tana zaune da carbinta tana bin mu da ido.

Jiya da safe ina wurin gyaran gashi, kaina cike da ƙarafa, sai ga saƙo. Hoto ne. Tayfun a Tophane, laima a sama, kewaye da wasu tsofaffin Turawa masu gajeren wando, kowa ya washe baki. Ranar neman aurena fa!

Na rubuta: "Yau ma?"

"Sun riga sun yi rajista, ba zan bar su a titi ba. Sha biyu zan gama. Kin yi kyau."

"Ka gan ni ne?"

"Ba sai na gani ba."

Na ɗan sauko. Na ce masa to idan komai ya tafi daidai, ina za mu je gobe mu yi murna, mu biyu? Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, sannan ya turo: "Wurin da za ki ga Bursa gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafarki."

Jama'a, raina ya ɓaci. Tophane! Tophane kuma! Wurin da yake tsaye a lokacin da tsofaffinsa, can zai kai amaryarsa washegarin baiko. Mai gyaran gashi ta ce in daina motsi zan ƙone. Na danna masa da ƙarfi har farcena ya kusa karyewa:

"Na gaji, Tayfun. Wallahi na gaji. Amsata tana cikin finjali, za ka ji ta anjima."

Kun dai san wasan. Ranar neman aure yarinya ce ke dafa gahawa, ta zuba gishiri a finjalin saurayi, shi kuma ya daure ya shanye ba tare da ya yamutsa fuska ba, a yi dariya, a ɗauki bidiyo. Duk ƙawayena sun yi. Abin da nake nufi ke nan, in rama wahalar takalmi mai tsini da cokalin gishiri.

Ya karanta. Can sai ga amsa: "Na ji. Duk abin da kika zuba zan sha."

Na ce a raina, za ka sha kuwa.

Tun azahar gidan ke ƙamshin turaren lemo. Mama ta cire zannuwan da ke rufe kujerun falon baƙi, waɗanda tun da aka saye su ba mu taɓa zama a kai ba, ta jera silifas na baƙi a bakin ƙofa, ta fito da finjalan aurenta masu bakin zinariya. Ni na sa doguwar riga kalar toka mai haske da hannun leshi, da 'yan kunnen lu'ulu'un Kaka, da gyalen da Baba ya zaɓo min da kansa daga shago, mai furen tulif, na yafa a kafaɗa.

Ina leƙe ta labule sai ga tasi ta tsaya. Tasi! Tayfun da ko ruwan sama ake yi a ƙafa yake zuwa. Ya fito cikin kwat baƙa da ban san yana da ita ba, ɗauke da furanni da tiren azurfa na cakulan an naɗe da ƙyalle. Mahaifiyarsa Gulten Hanim tana gefe, kawunsa Remzi Bey, wanda zai yi magana tunda mahaifinsa ya rasu, yana gaba da sanda. Na buɗe ƙofa na sumbaci hannun manya na kai goshi. Tayfun ya miƙo min furen, hannunsa sanyi ƙalau, bai yi murmushi ba. Na ɗauka tsoron Mama ne.

Aka zauna. Aka tambayi lafiya, aka sake tambaya. Aka yi zancen cunkoson motoci da tsadar tumatir. Remzi Bey ya yabi labule. Can Mama ta ɗaga min gira, na miƙe na tambayi kowa yadda yake shan gahawarsa, na shige kicin. Ta biyo ni ta rufe ƙofa.

Ina juya tukunyar a wuta kaɗan-kaɗan don kumfa ta taso, sai na ga an turo min gwangwanin gishiri gabana.

"Zuba, 'yata," in ji Mama. "Ai al'ada ce."

Murmushi take yi. Makonni rabon da in ga haƙoranta a kan zancen Tayfun. Da ina da wayo da a nan na tsaya, amma haushin Tophane bai sake ni ba, sai ma na ji daɗi yau ni da uwata muna gefe ɗaya. Na zuba cokali guda.

"Haba, wannan ai ko miya ba za ta ji ba. Ƙara."

Na ƙara. Muka yi dariya ƙasa-ƙasa kamar ƙawaye. Na juya hannun finjalinsa ya kalli gefe don kar in rikice.

Na fara da Kaka, na bi manya, shi ne ƙarshe. Na koma bakin ƙofa rungume da tire ina danne dariya. Kowa a falon Tayfun yake kallo, har Baba ya ajiye nasa finjalin bai kurɓa ba. Tayfun ya kai baki. Ya kurɓa. Ya ɗago ya dube ni, wani irin kallo da ban gane ba a lokacin, ni kuwa na ɗaga masa gira, irin ka ji ko? Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da sha, a hankali, kurɓi bayan kurɓi, har ya kai ga laka. Ga ruwa a gefensa bai taɓa ba. Idonsa ya kawo ƙwalla. Na ce a raina gishiri ya yi aiki.

"Ya gahawar, ɗana?" in ji Kaka.

"Hannunta ya yi albarka, Kaka. Ta yi daɗi."

Mama ta taɓa ni. "Je ki ɗauko tiren zobe da almakashi, ki gyara jan bakinki. Kar ki fito sai na kira ki, maza za su yi magana."

Na tafi ɗaki ina rawar jiki. Na gyara jan baki, na shirya zobba biyu da jan zaren da ya haɗa su, na goge almakashin da Baba zai yanka shi da shi. Ina ta kasa kunne in ji Remzi Bey ya fara, da umarnin Allah da koyarwar Annabi mun zo nema wa ɗanmu 'yarku. Ban ji ba. Abin da na ji shi ne ƙarar sanda a kan tayil, sai ƙofar waje ta rufe.

Na fito da tire a hannu. Silifas uku a jere a bakin ƙofa, babu masu su. Na ruga taga, ina kallo suka sha kwana a ƙafa, Gulten Hanim tana riƙe da hannun ɗanta kamar ƙaramin yaro.

"Baba, ina suka tafi?"

Baba ya cire tabarau yana gogewa. "Kar ki damu, 'yata. Na faɗa musu da mutunci, na ce babu rabo. Ba wanda zai tilasta miki a gidan nan."

"Babu rabo? Wa ya ce babu rabo?"

"Ke mana," in ji Kaka. Finjalin Tayfun yana hannunta. Ta nuna min ɗan yatsanta da ta dangwala a lakar. "Yaron ya so ya rufa miki asiri, wai ta yi daɗi. Na ɗanɗana da kaina. Wannan ko abincin biki aka zuba wa sai an zubar."

"Kaka, wasa ne! Kowa yana yi!"

"Wasa? Ku dai 'yan zamani kun mai da komai wasa. A ƙauyenmu yarinya ba ta buɗe baki gaban maza. Tana so, ta zuba sukari. Ba ta so, ta zuba gishiri, baƙi su tashi da mutuncinsu. Ni gishiri na zuba wa mutum biyu kafin kakanki."

Baba ya tsaya da goge tabarau. "Nergis, ai mun yi da kakarki a kan haka za a yi, tunda an ce kina jin nauyin faɗa. Na kira Remzi Bey tun ranar Alhamis na gaya masa, a gidanmu amsa a finjali take. Na ce mamarki ta sanar da ke." Ya juya a hankali. "Sabiha?"

Mama tana tattara finjalai, kai a ƙasa. "Da hidima ta yi min yawa. Ƙila na manta."

"Kin manta? Mama, ke kika miƙo min gwangwanin! Ke kika ce in ƙara!"

"Ni na riƙe hannunki? Ke ba kullum kike zuwa kina min kuka da shi ba? Ƙafata ta kumbura, Mama. Ko ruwa bai saya min ba, Mama. Abin da ke ranki na taya ki faɗa. Nan da shekara za ki gode min."

Wallahi ban san lokacin da tiren ya faɗi ba. Zobban suka gangara ƙarƙashin kujera, jan zaren yana bin su. A nan saƙon safe ya faɗo min. Amsata tana cikin finjali. Na gaji, Tayfun. Shi ya san ma'anar tun ranar Alhamis. Ya karanta wannan, ya sa kwat, ya ɗauki tasi, ya zo. Kurɓin farko ya ji an ce masa a'a, ga ni tsaye ina ɗaga masa gira, amma ya shanye har ƙasa ya ce hannuna ya yi albarka. Ƙwallar nan ba ta gishiri ba ce.

Na kira shi, waya a kashe. Na tura saƙo ya fi a ƙirga, alama ɗaya ce ke fitowa, ko shiga ba su yi ba. Baba ya kira Remzi Bey yana in-ina, ina jin muryar tsohon daga inda nake: "Halit Bey, yaro ya nuna min abin da ta rubuta masa da safe. Kar ku matsa wa yarinya saboda kunyarmu. Mun sha gishirinku, ya isa haka." Ya kashe.

Ina jin haushin Baba da ya iya kiran baƙo a waya amma ya kasa taka ƙafa zuwa ɗakin 'yarsa. Ina jin haushin Kaka da yatsanta. Ina jin haushin Tayfun, mutumin da ke yini yana yi wa Turawa bayanin kowane dutse, amma ya kasa rubuto min layi ɗaya ya ce, Nergis, kin san me gishiri ke nufi a gidanku? Na Mama kuwa ban ma samo masa suna ba tukuna.

Kafin magariba Mama ta ce a mayar musu da tirensu, ba ma cin cakulan mutanen da ba mu ba aure ba. Na fizge shi na shige ɗaki. Na kwance ƙyallen don kawai hannuna ya sami abin yi. A tsakiyar cakulan, inda aka jera su kamar fure, an soke wasu 'yan takardu guda biyu. Tikitin teleferik ne, zuwa da dawowa, na ranar Litinin. Wurin da zan ga Bursa gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafata.

Na yi kuka har jan bakin ya koma haɓa.

Yau Litinin. Na tashi tun kafin kowa ya motsa, na ɗora tukunya. Ina cikin juyawa Kaka ta shigo da carbinta, ta tsaya tana kallona. Sai ta jawo gwangwanin sukari ta dire gabana.

"Nawa zan zuba, Kaka?"

"Nawa kika zuba jiya?"

"Biyu."

"To zuba huɗu, sakarya. Kuma ki ɗauki finjalin da ya sha da shi, kar ki kai masa a kofin roba kamar mai tallar shayi."

Na juye a filas, na naɗe finjalin Mama mai bakin zinariya a cikin gyalen tulif, na sa tikitin a aljihun jaka. Na ɗauko takalmin da ba shi da tsini. Tayfun zai iya kashe waya, zai iya ƙin buɗe min ƙofar gidansu. Amma na san mutumina. Ko zuciyarsa ta fashe, ƙarfe goma zai tsaya a ƙofar Ulu Cami ya ɗaga laimar nan, don ba zai bar baƙi a titi ba. Kuma dokarsa ce da bakinsa, na ji ta sau ba adadi daga saman bene: duk wanda ya zo ya tsaya ƙarƙashin laima, ba a tambayarsa daga ina, ba a korarsa.

Ko zai karɓi finjalin a gaban tsofaffinsa masu gajeren wando, ko zai kalle ni ya ce hannunki ya yi albarka ya juya, ban sani ba. Na tsaya rubuta muku wannan ne kafin in fita.

Yanzun nan ina ɗaura igiyar takalmi Mama ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, idonta a kan jakata.

"Ina zuwa da sassafen nan? Shago ba ta nan ba ne da filas."

"Yawon buɗe ido zan je, Mama."

"Da kuɗin wa?"

Na miƙe na saɓa jakata. "Matsa min in wuce. Kyauta ne."